Yadda za ka auna tsohon fim ɗin kasuwa, tsakanin maganar masu sharhi da ihun 'yan kallo

Duk ranar Lahadi in na kafa teburina a kasuwar Gujungu ina tura wa mutane finafinai a waya, sai an samu wanda zai ce min "Malam sa min tsoffin nan na da, na Chanis ko na kaboyi ko na ban tsoro, amma fa mai kyau." To wannan "mai kyau" ɗin ita ce ta daɗe tana ba ni aiki, don na sha tura wa mutum fim ɗin da intanet ta cika da yabonsa ya dawo sati mai zuwa ya ce ɓata masa memori kawai na yi, na kuma sha ganin fim ɗin da masu rubutu a jaridu suka yi wa kaca-kaca ya hana mutanen ƙauyenmu tashi daga benci har man janareto ya ƙare. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ni nake bi in auna irin waɗannan finafinai, ko wani mai gidan kallo ko mai turi ko wanda dai yake son kallon zai amfana.

Waɗanda nake nufi su ne Turawa ke kira eksfuloiteshan, ni kuma nake ce musu finafinan sha yanzu magani yanzu. Ana yin su da kuɗi kaɗan cikin sati biyu ko uku, a kan duk abin da ake yayi ko abin da manyan kamfanoni suke jin nauyin nunawa, faɗa da jini da dodanni da shan ƙwaya da 'yan daba masu babura da tsiraici, a saki a kwashi kuɗi kafin yayin ya wuce. Sun yi ƙarfi daga wajen 1930 har cikin shekarun 1980, a Amurka da Italiya da Hon Kon, Indiya ma tana da nata irin na ban tsoron da 'yan gidan Ramsay suka dinga yi.

Fara da tambayar me aka sayar wa mutane

Kafin ka karanta ra'ayin kowa, nemi fastar fim ɗin ta asali ka dube ta da kyau, ka karanta abin da aka rubuta a kai. A irin wannan harka fasta ita ce hajar, fim ɗin yana biyo bayanta ne. Akwai wani kamfani a Amurka, American International Pictures, da aka kafa a 1954, su sananne ne sukan fara samun suna mai jan hankali, su sa a zana fasta, in masu silima sun ce wannan zai shiga sannan a je a rubuta labari. Ka ga ke nan wanda ya biya kuɗin tikiti alƙawarin fasta ya saya, in an cika masa zai ce fim ya yi ko da 'yan wasan ba su iya komai ba, in ba a cika ba zai zage shi ko da an yi aiki mai kyau a ciki. Mai sharhin jarida kuwa shi bai biya ko sisi ba kuma ba fasta ce ta kawo shi ba, aiki ne ya kawo shi, tun daga nan hanyarsu ta rabu.

Na ga wannan da idona a gidan kallon Yayana, lokacin ina yaro ni ke karɓar kuɗi a bakin zana. Yaya ya dawo daga Kano da faifai, a jikin kwalin ga mutum tsirara daga wuya zuwa ƙugu ya ɗaga ƙafa, an rubuta suna da manyan baƙaƙe, muka ɗauki alli muka rubuta a allon ƙofa "YAU BURUS LI". Wuri ya cika har da masu tsayuwa. Ba a yi minti goma ba wani dattijo da ya yi ci-rani a Kano yana saurayi ya miƙe ya ce wa Yaya, "Kai yaro, wannan ba shi ba ne, shi wancan ba ya wannan tsalle-tsallen." Yaya ya ce "Baba ai ga sunan a jiki." Aka kawo kwali aka haska da tocila, ashe Bruce Li aka rubuta ba Bruce Lee ba. Bayan na girma ne na san cewa da Burus Li na gaskiya ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973, sai 'yan kasuwa suka samo masu kama da shi suka raɗa musu Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee suka yi ta zuba finafinai. Har kamfanin da ya yi aiki da shi ma ya fitar da Game of Death a 1978, wanda shi kansa minti goma da 'yan kai ne kawai ya fito a ciki, sauran wasu ne aka sa suna ɓoye fuska, har da hoton jana'izarsa ta gaskiya aka cusa. Abin da nake so ka lura da shi a labarin nan, daren nan manya sun tafi suna mita, yara kuwa washegari har roƙo suka yi a maimaita, don su faɗa suka zo gani kuma sun ga faɗa. Fim ɗaya dare ɗaya, hukunci biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Wani lokacin ma abin da aka sayar ba ya cikin fim ɗin sam. Mom and Dad na 1945, wanda Kroger Babb ya yi ta yawo da shi gari-gari a Amurka, labarin yarinyar da ta yi ciki ne saboda iyaye ba su wayar mata da kai ba, amma abin da ya tara jama'a shi ne tsarin da aka yi, mata lokacinsu daban maza daban, a tsakiyar fim a tsayar wani mutum ya hau dandamali ya yi lacca kamar likita a sayar da 'yan littattafai. In ka kalle shi yau a waya za ka ce me mutane suka gani a nan? Ai taron ne ba ka gani ba.

Duba shekarar da aka rubuta sharhin

Wannan kam in ka tsallake shi ka ɓata. In ka buga sunan fim a Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tara sharhin finafinai, za ka ga maki biyu, na masu sharhi da na 'yan kallo, kuma in na masu sharhi ya kai kashi 60 ana lissafa fim ɗin a matsayin wanda ya samu karɓuwa. Amma shafin nan sai 1998 aka buɗe shi, kuma a tsoffin finafinai mafi yawan rubutun da aka tara na baya-bayan nan ne, mutanen da suka tashi suka tarar ana girmama fim ɗin ne suka rubuta. To kar ka ga kashi 90 ka ɗauka haka aka karɓe shi ranar da ya fito. Ka buɗe sharhin ɗaya bayan ɗaya ka dubi kwanan wata, ka ware na shekarar fitowa gefe, na bayan shekara 20 ko 30 gefe.

Misalin da ya fi zama min a rai Night of the Living Dead ne na George Romero, 1968. Wasu matasa ne a wajen Pittsburgh suka haɗa kuɗi wajen dala 114,000 suka yi shi baƙi da fari. Da ya fito mujallar Variety ta yi masa wankin babban bargo a kan rashin imanin da ke ciki. Bayan shekara 31, a 1999, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa, su da suke zaɓar guda 25 kacal a shekara. Fim ɗin bai canja ko sakan ɗaya ba. Mutane ne suka dawo suka lura jarumin baƙar fata ne, Duane Jones, shi ne mai hankali a cikin gidan, ya kwana yana faɗa da gawarwaki ya tsira, gari ya waye Turawa masu bindiga da suka zo ceto suka hango shi ta taga suka harbe shi, kuma wannan a shekarar da aka kashe Martin Luther King. A Ingila ma an yi haka da Peeping Tom na 1960, masu sharhi suka taru suka yi wa darakta Michael Powell rubdugu har aikinsa ya durƙushe a ƙasar, sai a 1979 daraktan Amurka Martin Scorsese ya taimaka aka sake fito da shi, yanzu ana karantar da shi a makarantun fim.

Amma kar ka yi saurin cewa ai masu sharhin farko ba su san komai ba. Ka karanta ka gano ainihin me ya ɓata wa mutumin rai, don abu uku ne suke cakuɗawa kuma kai ne za ka tsefe su. Ko dai yana kukan aiki ne, wato hoto ya yi duhu, murya ba ta fita, labari ba kai ba gindi. Ko yana kukan tarbiyya. Ko kuma raini ne kawai, fim ɗin talakawa ne da ake nunawa a unguwar da shi ba ya zuwa. Na farko za ka iya gwadawa da idonka. Na uku ka watsar. Na biyun ne yake buƙatar nutsuwa. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya je kallon wancan fim na Romero da rana ranar Asabar ya tarar da silimar cike da ƙananan yara, ya rubuta yadda suka fara da ihu da dariya sannan wuri ya yi tsit, ga wata yarinya 'yar wajen shekara tara can gefensa tana zaune hawaye na zuba. Mutane da yawa suna kawo rubutun nan a matsayin wai ya zagi fim ɗin, alhali kukansa a kan wanda ya bar yara suka shiga ne, don fim ɗin ya fito a Oktoba, tsarin raba finafinai bisa shekaru kuma sai Nuwamba 1968 ya fara aiki a can. Ni a ganina mutumin ya yi gaskiya, kuma duk mai gidan kallo a ƙauye ya san wannan yarinyar, tana nan zaune a gaba a kan tabarma, ta biya kuɗinta ta shiga.

Su wa suka kalla, a ina

In an ce maka "mutane sun so shi", ka ce waɗanne mutane? A birnin New York a wancan zamanin titi na 42 cike yake da tsoffin silimu masu arha da ake juya finafinai biyu uku a jere kusan dare da rana, 'yan kallo suna magana da allo suna ihu suna ba jarumi shawara, wasu ma barci ya kawo su. A ƙauyukansu kuma akwai filayen da ake shiga da mota a kalla daga ciki, yawanci samari da 'yan mata. An gina finafinan ne don irin wannan taro, duk bayan 'yan mintuna sai an jefo wani abu da zai ta da wanda ya fara gyangyaɗi. Shi kuwa mai sharhi sau da yawa a ɗaki shiru ya kalla da biro a hannu. Duk wanda ya taɓa kallon faɗan ƙarshe na jarumi da bos a gidan kallo mai mutum sittin, sannan ya sake kallonsa shi kaɗai a waya, ya san ba abu ɗaya ba ne.

Inda maganar ta fi zafi shi ne finafinan baƙaƙen Amurka na farkon shekarun 1970, kuma a nan ne za ka gane cewa ba kullum rigimar tsakanin masu ilimi da talakawa take ba, wani sa'in a cikin gida ɗaya take. Shaft ya fito 1971, Gordon Parks ya ba da umarni, baƙaƙe suka yi ta tururuwa don ga nasu a kan allo yana tafiya da isa, ba bawa ba ba ɗan aike ba, kuma ba ya mutuwa a tsakiyar fim, Isaac Hayes har Oscar ya ci da kiɗan fim ɗin. A 1972 Super Fly ya biyo, jaruminsa dillalin hodar iblis ne mai kyan kaya da ƙatuwar mota. A nan wasu shugabannin baƙaƙe suka ce a'a, Junius Griffin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, reshen Hollywood shi ya raɗa wa finafinan sunan blaxploitation, wato eksfuloiteshan na baƙaƙe, a shekarar, aka kafa gamayyar yaƙi da su, suna cewa ana cin kasuwa da 'ya'yansu ana koya musu cewa mafita ita ce ƙwaya da kawalci. Sweet Sweetback na Melvin Van Peebles kuwa, Huey Newton na ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙe ta Black Panther ya yabe shi a matsayin fim ɗin juyin juya hali, Lerone Bennett ya caccake shi a mujallar Ebony, dukkansu baƙaƙe ne masu kishin al'ummarsu. Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, irin muhawarar da ake yi a kan finafinan Hausa ce tun bayan fitowar Turmin Danya a 1990, wani ya ce ga namu da harshenmu, wani ya ce a'a ba haka muke ba. In ka ci karo da irin wannan, kar ka nemi wanda ya yi nasara, ka rubuta abin da kowane ɓangare yake tsoron a rasa.

Kuma kar ka manta da namu 'yan kallon, su ba su cikin IMDb, shafin intanet da 'yan kallo ke ba finafinai maki. Makin nan na 1 zuwa 10 da kake gani, mutanen da suka nemi tsohon fim da kansu ne suka bayar, wato dama masu son irinsa ne, mafi yawa kuma daga wasu ƙasashe. In kana son sanin yadda aka karɓi fim a nan, je ka majalisar dattawa bayan la'asar ka sami waɗanda suka yi zaman Kano zamanin Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, ka gaishe su ka ce "Baba don Allah lokacin da kuke shiga silima wane ne ya fi tara mutane?" Ba za su ba ka sunan Turanci ba, za su ce maka wanda hannun jarumin yake yin ja in ya fusata, sai kai ka je ka gano Five Fingers of Death suke nufi, na kamfanin Shaw Brothers, wanda shi ne ya buɗe wa finafinan Chanis kasuwar Amurka a Maris 1973 tun kafin Enter the Dragon ya fito a Agusta. Ka tambaye su a wane wuri ake tafi, a wane wuri ake tsaki, wane ne aka koma kallo sau uku. Ka ɗauka a waya in sun yarda. Wallahi mutanen nan suna ƙarewa kuma babu wanda yake rubuta abin da suka sani.

Batun hanawa

Masu sayarwa suna son rubuta "an haramta shi a ƙasa kaza" don sun san abin da aka hana shi ake so. Hanawa tana gaya maka halin hukuma da zamaninta ne, ba ta gaya maka fim ya yi kyau ko bai yi ba. A Ingila da kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje aka ta da hankali, ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin da ya kai finafinai 72, aka yi nasarar hukunta 39 a kotu, aka yi dokar 1984 ta tace kaset. A cikin jerin akwai shara zalla, akwai kuma waɗanda daga baya aka sake su ba a yanke komai ba. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 hukumar tace finafinai ta Ingila sai 1999 ta ba shi takarda, kuma in ka kalla za ka yi mamakin ƙarancin jinin da ake nunawa, ƙara da ihu da zafin rana ne suke sa ka ji kamar ka ga abin da ba ka gani ba. Wannan dai don fahimtar tarihi ne, a aikace kai da kake nuna wa jama'a dokar inda kake ce ta hau kanka, Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, sannan ga mai unguwa ga liman ga iyayen yara da za ka haɗu da su a masallaci da asuba.

Sai ka tabbatar wane kwafi ake magana a kai. Irin waɗannan finafinai fim ɗaya yakan fito da suna uku huɗu, wani an yanke minti ashirin, wani an ɗora masa muryar Turanci da ba ta hawa baki, Django na 1966 kuwa da ya yi kasuwa finafinai sama da 30 aka maƙala wa sunan ba tare da wata alaƙa ba. Ka duba tsawon mintunan da ke hannunka ka gwada da wanda mai sharhin ya ambata. In kuma mai fassarar Hausa ne, to ka sani rabin dariyar da ake yi ta mai fassara ce ba ta darakta ba.

Yabon baya ba sabulu ba ne

Nan ne nake rabuwa da masu son tsoffin finafinan nan na intanet, don sun mayar da abin kamar duk abin da aka zaga a da to lallai gwani ne ba a gane ba. Gaskiya ne an samu gwanaye a harkar, darakta Roger Corman da ya rasu a 2024 yana da shekara 98, wanda ya ɗauki yawancin The Little Shop of Horrors a kwana biyu, a hannunsa Coppola da Scorsese da James Cameron suka yi goyo, har aka ba shi Oscar ta girmamawa a 2009. Darakta Quentin Tarantino ma ya dawo da martabar wasu, shi ya ɗauko Pam Grier, jarumar finafinan baƙaƙen nan, ya ba ta Jackie Brown a 1997. Amma ka bambanta yabo iri-iri. Akwai yabon dariya, irin wanda ake yi wa Reefer Madness na 1936, fim ɗin gargaɗi a kan tabar wiwi da ɗaliban jami'a suka tono a shekarun 1970 suna kallo suna sheƙewa, ko Plan 9 from Outer Space da sai da wani littafi ya kira shi mafi muni a tarihi a 1980 sannan ya yi suna. In ka tura wa mutumin ƙauyenmu irin wannan saboda ka ga ana yawan ambatonsa, zai ce ka cuce shi kuma yana da gaskiya, don dariyar ta wasu ce.

Akwai kuma waɗanda ko shekara ɗari suka yi ba za su wanku ba. Africa Addio na 1966, wasu 'yan Italiya biyu Jacopetti da Prosperi suka zagaya Afirka lokacin samun 'yancin kai suna ɗaukar kisan mutane na gaske a Kongo da Zanzibar da kisan namun daji, suka jera da murya mai nuna cewa Bature ya tafi Afirka ta koma dabbanci. Ɗaliban Afirka sun yi zanga-zanga a kansa a Berlin ta Yamma a shekarar, a Amurka kuma aka sake yanka shi aka bar wuraren jini aka sayar da sunan Africa Blood and Guts. Za ka ga masu cewa ai hotonsa yana da kyau, kiɗansa yana da daɗi. Na kalla na ga kyan hoton, kuma na kasa cin tuwon dare, don mutanen da ake harbewa ɗin nan suna da uwa suna da suna, kamarsu ɗaya da mutanen da nake tura wa fim. Haka Cannibal Holocaust na 1980, dabbobin da aka kashe a gaban kyamara da gaske aka kashe su don kawai a ɗauka. A irin waɗannan masu sukar farko su ne da gaskiya, kuma ba sa shiga kwamfutata.

Sai ka kalla da kanka, kai kaɗai, daga farko har ƙarshe

Ba tsallakawa. Mun taɓa sa wani na ban tsoro da ba mu duba ba saboda an kawo shi da magariba mutane na jira, ana cikin tafiya kwatsam aka shiga wani wuri da bai kamata ba, ga yara a gaba, Yaya ya yi tsalle ya zare wayar janareto wuri ya yi duhu, babu wanda ya ce uffan kowa ya sulale, washegari da sassafe aka aiko kiransa ƙofar mai unguwa, sati biyu gidan kallo yana rufe. Tun daga ranar ba ma nuna abin da ba mu gani ba, kuma har yau a teburin turi haka nake.

Ka sayi littafin rubutu mai shafi 60, kowane fim shafi guda. A sama suna da shekara da ƙasa da tsawon minti. Ƙasa da haka abin da fasta ta yi alƙawari da ko an cika. Sannan layi biyu na abin da aka ce a shekarar fitowa, layi biyu na abin da ake cewa yanzu, da abin da dattawa suka tuna in akwai. Sai naka, kuma ka raba shi, aikin ya yi ko bai yi ba daban, akwai cutarwa ko babu daban, don fim yana iya yin kyau a aiki ya zama bai dace da kowa ba a garinku. Duk inda akwai abin da ba a nuna wa yara ko ba a nunawa sam, rubuta daidai mintin, kamar 43 zuwa 46. In ka nuna a taro kar ka zauna kana kallon allo, ka riga ka gani, koma baya kusa da ƙofa ka kalli mutane, ka lura yaushe ake fita fitsari, yaushe mai gyaɗa take samun ciniki, yaushe wuri yake yin shiru har ka ji ƙarar janareto, waɗannan ma ka rubuta da mintinsu. Nawa littafin yanzu na uku nake ciki, kuma in mutum ya zo ya ce a sa masa tsoho mai kyau, sai in tambaye shi da wa zai kalla, shi kaɗai ne ko da iyali, faɗa yake so ko labari, in ya ba ni amsa in buɗe shafin in karanta masa kafin in jona wayarsa.